Har Yaushe Za a Ci Gaba da Shan Maganin? Abin da Jinyar Ƙanwata Ta Nuna Mini

Akwai tambayar da kusan kowane gida mai ɗauke da mai larurar ƙwaƙwalwa da ake kira baifola yake yi, amma ba a yin ta lokacin da ciwo yake tashe. A wannan lokaci kowa fatansa a samu abin da zai sa mara lafiya ya yi barci. Sai bayan ƙura ta lafa, mutum ya koma sana'arsa, yana hira da dariya kamar babu abin da ya taɓa faruwa, sannan wani daga cikin dangi zai ɗaga kwalin magani ya ce, to shi wannan har yaushe? Shekaru ke nan ina tsaye a kan jinyar ƙanwata a nan Gombe, kuma na ga gidaje sun rabu biyu a kan wannan tambaya. Wasu suna dakatar da maganin da zarar sun ga sauƙi. Wasu kuma suna riƙe tsohuwar takardar likita, suna sayen magani iri ɗaya a kemis shekara da shekaru, ba tare da an sake ɗora mara lafiya a kan sikeli ko an ɗibi jininsa ba. Duka hanyoyin biyu suna cutarwa, sai dai an fi magana a kan ta farko, shi ya sa zan fi tsayawa a kan ta biyu.

Larurar tana da fuska biyu. Akwai lokacin tashi, wanda a wurin ƙanwata ya zo da rashin barci na kwanaki ba tare da ta ji gajiya ba, da magana wadda ba a iya katse ta, da shirye-shirye masu girma da suka fi ƙarfin aljihunta. Ita mai ɗinki ce, kuma a tashinta na farko ta shiga babbar kasuwar Gombe ta ɗebo atamfofi da leshi bashi, tana cewa za ta buɗe shaguna a Yola da Kano kafin Sallah, daga baya ta rabar da rabin kayan kyauta ga mutanen da ba ta ma sani ba. Akwai kuma lokacin faɗuwa, wanda ya fi daɗewa, ya fi kuma ba ni tsoro, domin a lokacin ne take rufe kanta a ɗaki, ba ci ba wanka, tana cewa ita nauyi ce a kanmu. A tsakanin waɗannan biyun lafiyarta ƙalau, kuma wannan lafiyar ta tsakiya ita ce take ruɗar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne suke fama da wannan larura a duniya. Takan fara ne a ƙarshen ƙuruciya ko farkon shekarun girma, takan bi jini a wasu zuri'o'i, kuma ɗabi'arta ita ce ta tafi ta dawo.

Maganin da ya fi daɗewa ana amfani da shi a kanta shi ne litiyom, wanda wani likita ɗan ƙasar Ostireliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa a 1949. Har yau yana cikin mafi inganci, kuma an shaida yana rage haɗarin mutum ya kashe kansa. Matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da yake magani da adadin da yake zama guba 'yar kaɗan ce, don haka dole a riƙa auna yawansa a cikin jini, a riƙa duba ƙoda da ƙululun maƙogwaro da ake kira tayirod. Ba kowane ɗakin gwaji ne yake yin wannan awo ba, kuma a garin da ake zufa kamar namu, ƙarancin ruwa a jiki kaɗai yana iya sa ya taru a jini. Bayansa aka samu Largactil a Faransa a 1952, da halofaridol a Beljiyom a 1958. Waɗannan sun kwantar da mutane da yawa, amma su ne suka bar wa jama'armu hoton nan na wanda ya dawo daga asibitin ƙwaƙwalwa jikinsa a sandare, hannu yana rawa, miyau yana zuba, yana jan ƙafa. Har gobe wannan hoton ne yake hana wasu iyaye kai 'ya'yansu asibiti.

Sababbin magungunan, waɗanda ƙanwata take kan ɗaya daga cikinsu, sun zo ne daga baya. Na farkonsu kulozafin ne, wanda aka janye a ƙasashe da dama a 1975 bayan ya karya ƙwayoyin jini masu kare jiki ya kashe wasu marasa lafiya a Finlan, sannan aka dawo da shi bisa sharaɗin yawan gwajin jini. A Amurka an amince da risferidon a 1993, olanzafin a 1996, kwetiyafin a 1997, sai arififrazol a 2002. Tsofaffin, wato irin su Largactil da halofaridol, suna danne saƙon wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin da ƙarfi. Sababbin suna taɓa dofamin ɗin tare da wani sinadarin mai suna sirotonin, shi ya sa sandarewar jiki da rawar hannu suka ragu. Da farko an yi su ne don wata larurar ƙwaƙwalwa dabam, wato sikizofireniya, daga baya aka tabbatar suna kwantar da tashin baifola, wasunsu kuma suna hana shi dawowa. Na faɗi wannan ne domin na ga uwar da ta sa aka karanta mata takardar cikin kwali, ta ji an ambaci waccan larura, ta ɗauka likita ya ɓoye mata gaskiyar ciwon ɗanta.

Olanzafin aka ɗora ƙanwata a kai, ƙwaya ɗaya da dare, kuma ba zan ɓoye alherinsa ba. Barcinta ya dawo. Ta biya bashin kasuwa da kaɗan-kaɗan. Ta koma kan kekenta, har ta ɗauki yara biyu suna koyon ɗinki a wurinta. Duk wanda ya taɓa kwana zaune a bakin ƙofa yana gadin ɗan'uwansa don kada ya fita cikin dare ya san darajar wannan.

Abin da ya biyo baya kuwa ya shigo ne a hankali, kuma ya shigo da kamar albishir. A wani biki da muka je, goggonmu ta kamo hannunta ta juya ta a gaban mata tana cewa, "Masha Allah, 'yar nan kin murmure, kin yi ɓul-ɓul, lallai lafiya ta samu." Kowa ya yi murna, domin a wurinmu ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, musamman ga wadda aka gani ta rame a lokacin ciwo. Amma ni da nake kwana gida ɗaya da ita na san yadda ƙibar take zuwa. Da tsakar dare nakan ji motsin tukwane, in fito in same ta tsugune a madafi tana cin sauran tuwo da sanyinsa, bayan ta ci abincin dare ta ƙoshi. Ta ce mini, "Adda, wallahi ba kwaɗayi ba ne, cikina ne ba ya sanin ya cika." Gaskiya ta faɗa. Maganin yana toshe wasu mashigai na sinadaran histamin da sirotonin waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ga kuma nauyin jiki da yawan barci da suke rage motsi. Ita da kanta ta riƙa farke rigunanta tana buɗe su, sannan ta daina, ta koma ɗinka sababbi.

Ƙibar ita ce ɓangaren da ido yake gani. Wanda ba ya gani shi ne yadda olanzafin da kulozafin, da kwetiyafin zuwa wani mataki, suke dagula yadda jiki yake sarrafa sukari da maiƙon jini, wani lokaci tun kafin nauyi ya hau sosai. Daga nan ne ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suke samun ƙofa. An daɗe da sanin cewa masu manyan larurorin ƙwaƙwalwa suna rasuwa da wuri fiye da sauran jama'a, kuma babban abin da yake ɗauke su ciwon zuciya ne da dangoginsa. Saboda haka ne a 2004 ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka da ta likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar, tare da wasu ƙungiyoyin, suka fitar da tsari guda: kafin a fara maganin a auna nauyi, faɗin ƙugu, hawan jini, sukarin jini kafin karyawa da maiƙon jini, a riƙa auna nauyi kowane mako 4 a farko, bayan mako 12 a maimaita gwaje-gwajen, sannan a ci gaba da duba nauyi duk wata 3, sukari da hawan jini kuma duk shekara. Sun kuma ce idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, a duba yiwuwar sauya magani. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan kacal, abin da a gidajenmu ko lura ba za a yi da shi ba, in ma an lura sai a yi barka.

Babu wani abu a cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin talaka in an cire gwajin maiƙon jini, wanda sau ɗaya ne a lokaci mai tsawo. Sikeli yana nan a yawancin manyan kemis. Tef ɗin awon tela yana auna ƙugu. Gwajin sukari na ɗan yatsa ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa. Mun sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, muka ja layi, kowane wata muna rubuta kwanan wata, nauyi, ƙugu, awannin barci, da duk wani baƙon abu da ta ji a jikinta. Wannan littafi shi ya sauya yadda ake ganinmu a asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma a ranar ganin likita za ka tarar da mutane daga Dukku, Bajoga, Kaltungo da Billiri sun yi sammako sun cika benci. Wanda yake da irin wannan layi a gabansa, idan ya tambaya "Yaya jiki?" aka ce "Da sauƙi," zai sake rubuta maganin jiya ne ya kira na gaba. Amma idan aka buɗe masa shafi ya ga nauyi yana hawa wata bayan wata, sai ya ajiye biro ya yi tambaya. A wurinmu, ganin lambobin da kuma sakamakon sukarin da ya fara haurawa ne ya sa aka rage adadin maganin a hankali aka kuma ƙara mata metfomin, maganin suga da aka tabbatar yana taimakawa wajen rage ƙibar da irin waɗannan magunguna suke kawowa. A gida kuma muka janye lemon kwalba, muka rage sukarin shayi da na fura, muka yawaita wake, zogale da ganye, tana kuma taka ƙafa bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi. Mun yi shi ne dukanmu, saboda ba adalci ba ne a hana mutum ɗaya abin da kowa yake ci a gabansa.

Ba duka magungunan ne halinsu ɗaya ba, kuma akwai wanda ya kamata iyaye mata su sani. Risferidon yana ɗaga sinadarin furolaktin, wanda shi ne yake kawo ruwan nono. Budurwar da take shan sa tana iya ganin al'adarta ta ɗauke, har nono ya fara ɗiga. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san irin zargin da wannan zai iya jawo wa yarinya, da yadda za ta gwammace ta jefar da maganin a ɓoye da ta buɗe baki ta faɗa. Ga maza kuma yana iya kawo raunin kusantar iyali, abin da magidanci ba zai faɗa a gaban ɗan rakiya ba. Shi ya sa nake ganin ya dace ɗan rakiya ya riƙa fita na ɗan lokaci ya bar mara lafiya da likita su kaɗai. Arififrazol bai cika sa ƙiba ba, amma yana iya hana mutum zama wuri ɗaya, ya ji ƙafafunsa suna matsa masa ya yi ta kai-komo, kuma a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya jefa wasu cikin caca ko sayayya da ba sa iya dainawa, abin lura a yanzu da caca ta shigo cikin waya. Kwetiyafin yana da amfani a ɓangaren faɗuwa, sai dai yana kawo barci mai nauyi da jiri idan an miƙe da sauri.

Akwai alamu biyu da ba a jira ranar ganin likita a kansu. Ɗaya ita ce motsin baki, harshe ko fuska da mutum ba shi yake yi ba, kamar yana tauna abin da babu. Wannan yana zuwa ne bayan doguwar sha, ya fi yawa a tsofaffin magunguna amma sababbin ma ba su kuɓuta ba, kuma idan aka bar shi yana iya zama dindindin. Ɗayar ita ce zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, zufa da ruɗewa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa, kuma haɗarin a wurinmu shi ne a ɗauke shi a matsayin zazzaɓin cizon sauro a tsaya ana ba da magani a gida.

Duk da wannan lissafi, ban taɓa goyon bayan a yanke maganin kai tsaye ba. Ƙanwata ta taɓa zama a gefen gadona ta ce, "Adda, na gaji. Dubi yadda na koma. Ai na warke, me ya rage?" Ban ce mata ta yi haƙuri kawai ba, domin gajiyarta gaskiya ce, kuma wanda ba ya haɗiyar ƙwaya kullum ba shi da bakin raina ta. Na ce mata lafiyar da take ji ita ce aikin maganin, kuma idan za a rage ko a sauya, to mu je a yi shi a gaban wanda ya san yadda ake yi. Yankewa farat ɗaya takan kawo rashin barci da tashin hankali cikin 'yan kwanaki, sannan ciwon kansa ya biyo baya, kuma kowace dawowa tana tafiya da wani abu: jari, amanar abokan ciniki, wani lokaci aure. Wanda ciwon ya tasar masa sau da dama, yawanci likitoci suna ba shi shawarar ci gaba na tsawon shekaru, wasu har iya rayuwa. Wanda aka ga ya dace a rage masa, ana yin hakan ne cikin makonni ko watanni ana sa ido. Na kuma ga wata irin yankewa da ba a kiranta da sunanta, wadda tsada take jawowa, inda ake raba ƙwaya biyu ko a sha yau a tsallake gobe don kwali ya kai ƙarshen wata. Gara a gaya wa likita ƙarfin aljihu a fili, domin magani ɗaya yana da kamfanoni da yawa masu farashi dabam-dabam, abin dubawa shi ne sunan sinadarin, adadinsa da lambar hukumar NAFDAC. Ga wanda mantuwa ce matsalarsa, akwai wasu daga cikin magungunan da ake yi ta allura duk mako biyu ko duk wata.

Ban ga saɓani tsakanin shan magani da addu'a ba. Innarmu tana yi mata tofi, muna kuma sadaka. Inda nake tsayawa da ƙafata shi ne idan wani ya ce sai an ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci.

Watan azumi yana buƙatar shiri tun daga Sha'aban. Yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ake shan su da dare, don haka lokacin sha ba shi ne matsala ba. Matsalar barci ce, domin rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da ciwon, ga sahur, ga tsayuwar dare a goman ƙarshe. Mun tsara ta riƙa shan nata da wuri bayan Isha'i don nauyinsa ya sake ta kafin sahur, ta kuma rama barci da hantsi. Idan azumi ya faɗo a zafin Maris da Afrilu, sai a ƙara kula, saboda magungunan suna rage wa jiki iya jure zafi. Mai shan litiyom kuwa kada ya ɗauki azumi sai ya yi shawara da likitansa, kuma ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda suke ƙara taruwarsa a jini. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma larurar ƙwaƙwalwa rashin lafiya ce kamar kowace.

Maganar da take gabanmu yanzu ita ce ta aure, domin an fara zuwa neman ta. Mun yanke shawarar ba za a ɓoye wa wanda zai aure ta ba, tunda shi ne zai zama na farkon ganin daren da barci ya ƙaurace mata. Akwai kuma abin da dole a daidaita kafin a yi maganar juna biyu. Maganin balforet, wanda ake yawan haɗawa da waɗannan magunguna, yana da haɗari ƙwarai ga ɗan tayi: kusan 1 cikin 10 na jariran da aka yi cikinsu ana shan sa suna zuwa da naƙasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma suna samun matsalar koyo da girman ƙwaƙwalwa. Wani maganin mai suna kabamazafin shi ma yana da nasa haɗarin, yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. Mace mai shan sababbin magungunan tana buƙatar a riƙa duba sukarinta a lokacin goyon ciki. Makonnin farko na jego kuwa suna cikin lokutan da ciwon ya fi saurin dawowa a rayuwar mace, ga rashin barcin shayarwa, don haka tun yanzu mun san wadda za ta riƙa karɓar jariri da dare idan Allah ya kawo.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na a yi masa bayani a nemi yardarsa a kan jinyarsa. A yankinmu akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Abin da nake roƙon masu ruwa da tsaki a jihohinmu shi ne a sa awon nauyi, ƙugu, hawan jini da sukari ya zama wajibi a duk ranar da mai shan waɗannan magunguna ya zo karɓar takarda, a kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa yin sa, yadda mutumin Nafada ko Dukku ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Gombe ba don a ɗora shi a kan sikeli kawai.